Yadda na sami izinin magana da hasumiya a filin jirgin saman Abuja

Duk wanda zai tuƙa mota a harabar da jirage suke motsi a filin jirgin sama, ko motar jan jirgi ce, ko ta kashe gobara, ko ta masu duba fitilun titi, lasisin tuƙin da yake aljihunsa ba ya isar masa. Sai ya sami izini na musamman daga hukumar filin, kuma izinin hawa-hawa ne: akwai wanda iyakarsa farfajiyar da jirage suke tsayawa a sauke fasinja a ɗora kaya, akwai kuma wanda yake ba mutum damar shiga hanyoyin da jirgi yake bi zuwa titin tashi, har ya tsallaka titin kansa idan an ba shi umarni. Wannan na biyun ba a bayar da shi sai ga wanda ya iya magana da hasumiya, wato ginin da jami'an da ke ba jirage umarnin tashi da sauka suke zaune, ta rediyo da kalmomin da duniya ta amince da su. Shi na nema lokacin da kamfanin da nake yi wa aiki a Filin Jirgin Sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja ya ɗauke ni daga sashen kaya ya mayar da ni sashen jan jirage, kuma abin da zan bayyana a nan shi ne matakan da na bi da abin da na fahimta game da wannan harshe na aiki, wanda ma'aikatan jirgin ƙasa da na ruwa ma suke da irinsa.

Matakin farko na takardu ne: wasiƙar kamfani da ta nuna cewa aikina yana buƙatar izinin, katin shiga haraba, lasisin tuƙi mai aiki, sai gwajin ido da na kunne. A gwajin idon ba ƙarfin gani kawai ake aunawa ba, har da iya bambance launi. Ana buɗe wa mutum littafi mai shafuka cike da ɗige-ɗige masu launi daban-daban, a ce ya karanta lambar da take ɓoye a cikinsu. Wanda idonsa ba ya raba ja da kore ba zai ga lambar ba, kuma a nan tafiyarsa take ƙarewa, saboda da dare fitilu ne suke gaya wa direba inda zai bi da inda zai tsaya.

Daga nan aka tara mu a aji. Malaminmu tsohon jami'in hasumiya ne da ya yi ritaya, wanda ya yi karatunsa a kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. A cikinmu akwai 'yan kwana-kwana, akwai masu gyaran lantarki, akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin jirgin ƙasa a Kafanchan kafin ya koma tuƙi, wanda kowa yake kira Baba, akwai kuma wani matashi da ya yi karatun aikin jirgin ruwa a Oron ta Jihar Akwa Ibom. Ba shirya haɗuwar waɗannan biyun aka yi ba, amma ta amfane mu ƙwarai, domin kusan duk ƙa'idar da Malam ya kawo sai ɗayansu ya ce ai su ma suna da ita, ya faɗi yadda take a wajensu.

An fara da baƙaƙe. A rediyo, musamman idan injin jirgi yana ruri a kusa, B da D da P da T duk sauti ɗaya suke komawa, don haka aka ba kowane harafi kalmarsa: Alfa, Brabo, Cali, Delta, Eko, har zuwa Yanki da Zulu. Wannan jeri ya fara aiki a 1956 ƙarƙashin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Montreal ta Kanada, kuma shi ne dai masu jirgin ruwa suke amfani da shi. Sunan filinmu a takardun hasumiya DNAA ne, wato Delta Nobemba Alfa Alfa, ba ABV ɗin da fasinja yake gani a jikin jakarsa ba. Na Kano DNKN, na Jos da ke Heipang DNJO. Lambobi ma an gyara furucin wasunsu, uku ta zama “tiri”, biyar “faif”, tara “naina”, don kada biyar da tara su rikice a kunne, kuma ana faɗinsu ɗaya bayan ɗaya. Haddar ba ta ba kowa wahala ba. Malam yakan sa mu karanta lambar duk motar da ta gifta ta taga har bakinmu ya saba. Agogon aiki kuma na duniya ne, wanda ake yi wa laƙabi da Zulu, kuma Najeriya tana gaba da shi da awa ɗaya, saboda haka ƙarfe tara na safe a Abuja ƙarfe takwas ne a takardar hasumiya.

Titin tashi da sauka na Abuja sunansa biyu, 04 da 22, alhali kwalta ɗaya ce. Lambar tana fitowa ne daga fuskar da titin ya kalla a kamfas: wanda ya tsaya a bakinsa yana duban arewa maso gabas, wajen digiri 40, yana kan 04, wanda ya tsaya a ɗaya bakin yana duban kudu maso yamma, wajen digiri 220, yana kan 22. Jirgi yana tashi yana sauka ne yana fuskantar iska, don haka idan iska ta juya sunan da hasumiya take kira ma yakan juya, kuma daga sunan ne direba yake sanin ɓangaren da zai fi sa ran fitowar jirgi. Wanda ya tuna rufe titin nan na mako shida a 2017, lokacin da aka karkatar da jirage zuwa Kaduna, ya san irin cikas ɗin da tsayawarsa take jawowa, ya kuma san dalilin da ya sa ba a son mota ta daɗe a kansa ko da daƙiƙa guda fiye da buƙata.

Bayan haruffa da lambobi aka shiga abin da ya cinye mafi yawan lokacinmu, wato tsarin kira da amsa. Kira yana da gaɓoɓi huɗu a jere: sunan wanda kake kira, sunanka na rediyo, inda kake, da abin da kake nema. Babu doguwar gaisuwa, babu neman afuwa don ka katse wa mutum aiki, babu bayanin abin da ya sa ka makara. Kowa yana kan tasha ɗaya ne, kuma muddin yatsanka yana kan maɓallin magana babu wanda za a ji da kyau, ko da matuƙin da injinsa ya kama wuta ne. Idan hasumiya ta ba ka umarni, sai ka maimaita mata shi da bakinka ka rufe da sunanka, ita kuma ta saurari maimaicin ta gyara maka idan ka kauce. Umarnin da ya shafi titin tashi, na shigarsa ne, ko na tsallaka shi, ko na tsayawa kafin a kai gare shi, wajibi ne a maimaita shi dukansa tare da lambar titin. Malam ya kwatanta mana abin da siga a wajen ɗaurin aure: waliyyi ya ce ya bayar, wakili ya ce ya karɓa, a ambaci sadaki a gaban shaidu, kuma gyaɗa kai ba ya tsayawa a madadin furuci komai yardar da take cikin zuciya.

A nan ne na gane cewa Turancin ba shi ne wahalar ba, domin kalmomin ba su da yawa. Wahalar tana cikin tarbiyyar da muka tashi da ita. Bahaushe idan babba ya yi masa magana “to” yake cewa, kuma wannan “to” tana iya nufin na ji, ko na yarda, ko zan yi, ko kuma na ji amma ba zan yi ba, ina dai jin nauyinka. Harshen rediyo ya raba waɗannan ma'anoni ya ba kowace tata kalmar. “Roja” tana nufin saƙonka ya iso gare ni gaba ɗaya, ba ta ƙara komai a kan haka, saboda haka ba ta zama amsar tambayar da take buƙatar e ko a'a, ba ta kuma maye gurbin maimaita umarni. “Wilko” tana nufin na fahimta kuma zan aikata. “Afam” ita ce e, “nagatif” ita ce a'a, kuma an datse wutsiyar ta farkon ne saboda cikakkiyarta tana ƙarewa da sauti irin na ta biyun, ta yadda idan farkon magana ya yanke sai a rasa wace aka faɗa. “Stanbai” tana nufin dakata zan kira ka, wanda aka gaya wa ita ba a ba shi izini ba, ba a kuma hana shi ba, tsayawa zai yi inda yake. “Anebul” tana nufin ba zan iya bin wannan umarni ba, sai a biyo da dalili. Akwai ma wadda aka janye daga jerin, “go ahed”, wadda a da take nufin faɗi abin da ke tafe da kai, domin direban da yake tsaye a bakin titi yana iya jin ta a matsayin an ce ya wuce.

Da yawa daga cikin waɗannan ƙa'idoji sai da aka rasa rayuka sannan aka tsaurara su. Malam ya daɗe a kan abin da ya faru ranar 27 ga Maris 1977 a filin Los Rodeos na tsibirin Tenerife, ƙasar Sifaniya, inda jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM ɗaya na kamfanin Pan Am, suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Hasumiya ta karanta wa jirgin KLM hanyar da zai bi bayan ya tashi, wanda ba shi ne izinin tashi ba. Mataimakin matuƙi ya maimaita, ya ƙara da wata jimla mai harshen damo cewa suna kan tashi. Jami'in hasumiya ya ce “oke”, sannan ya ce su dakata zai kira su. Wannan ɓangare na biyu bai isa kunnensu da kyau ba, domin a daidai lokacin ma'aikatan Pan Am sun danna nasu maɓallin suna sanar da cewa har yanzu suna kan titin, muryoyin biyu suka haɗu suka zama ƙara. Shi ya sa a yau kalmar “tek-of”, wato tashi, wadda mataimakin matuƙin ya furta, ba ta fita daga bakin kowa sai lokacin bayar da izinin tashi ko soke shi, a sauran magana kuwa “difaca” ake cewa.

Amma akwai wani ɓangare na labarin da ya fi taɓa ajinmu. A ɗakin tuƙin KLM injiniyan jirgin ya tambaya ko Pan Am ya riga ya fita daga titi, kyaftin ɗin, wanda yake babban mai horar da matuƙan kamfanin, ya amsa da ƙarfi cewa ya fita, injiniyan bai sake tayar da maganar ba. Baba ya girgiza kai ya ce, “Malam, ai wannan halinmu ne. Yaro ba ya ce wa babba ka yi kuskure.” Malam ya ce, “Baba, da girmanka, a kan tashar nan babu yaro babu babba. Idan na faɗi lamba ba daidai ba, ɗan cikina ma ya gyara mini, in mun sauka ya durƙusa ya gaishe ni.” Daga ranar ya shiga saka kuskure da gangan a umarnin da yake ba mu a wajen gwaji, ya kira hanyar da babu ita a taswira, ko ya tabbatar da maimaicin da bai dace da abin da ya faɗa da farko ba, ya zuba ido ya ga wa zai iya tsayar da shi. Da farko ajin shiru yake yi, kowa ya gane amma kowa yana jin nauyi. A ganina wannan atisaye ya fi duk haddar da muka yi amfani, kuma duk horon da ya tsaya ga jerin kalmomi bai taɓa wannan kunya tamu ba ya bar aikin a rabi.

Baba kansa ne ya nuna mana cewa jirgin ƙasa ya daɗe da sanin wannan matsala. A tsohon layin dogo da ya yi aiki a kai, hanya ɗaya ce jirgin da ke zuwa da mai dawowa suke bi. An yanka layin yanki-yanki tsakanin tasha da tasha, kuma ba a yarda jirage biyu su kasance a yanki ɗaya ba. Kafin jirgi ya bar tasha, shugaban tashar yakan nemi na gaba ya tabbatar masa cewa layi a buɗe yake, kowannensu ya rubuta a littafinsa da lokaci, sannan a miƙa wa direba sandar ƙarfe ta wannan yankin, wadda na'urar ba ta sakin ta biyu sai an mayar da ta farko. Direban da babu sanda a hannunsa ba ya motsawa ko da shugaban tashar da kansa ya ɗaga masa hannu. Baba ya ƙara da cewa a wajensu jar sigina sunanta haɗari, siginar da ta mutu ko ba a gane abin da take nunawa ba kuma ana ɗaukarta ja, sannan wuce ja laifi ne mai sunansa da ake rubutawa a bincika ko da taku kaɗan aka wuce kuma babu komai a gaba. Malam ya ce mu ɗauki wannan yadda yake mu kai fili, domin shirun hasumiya ba izini ba ne.

Matashin Oron kuwa ya warware mana abin da na daɗe ina gani ban san asalinsa ba. A jirgin ruwa ba a dogara da hagu da dama, saboda mutum yana juyawa hagunsa ya koma dama. Ɓangarorin jirgin ne suke da suna, “pot” na hagun mai kallon gaba, “stabod” na damansa, da jar fitila a na farko da koriya a na biyu. Jirgin sama ya gaji wannan tsari, ja a fiffiken hagu, kore a na dama, fara a wutsiya, don haka direban da ya hango ja a damansa kore a hagunsa cikin duhu ya san cewa jirgin shi yake fuskanta. Gudun iskar da hasumiya take faɗa ma da ma'aunin ruwa ne, wato not, mil ɗaya na teku mai mita 1,852 a cikin awa. Matashin ya ce mai riƙe da sitiyarin jirgin ruwa yakan maimaita umarnin kyaftin kafin ya aikata, ya sake faɗa bayan ya aikata, kuma hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, da ke Landan ta amince a 2001 da daidaitattun jimloli inda mai magana yake fara sanar da nau'in saƙonsa, umarni ne ko shawara ko gargaɗi ko tambaya ko niyya, aka kuma hana kalmomin “wataƙila” da “ya kamata” a inda ake son tabbas. Hatta ƙaho magana yake yi: busa ɗaya gajera ina juyawa stabod, biyu ina juyawa pot, uku injina yana ja da baya, biyar ban gane nufinka ba. Na yi ta tunanin masu kwale-kwalen da suke ɗaukar jama'a a Neja da Binuwai, da abin da ko kalmomi goma na neman agaji da faɗin inda ake za su yi musu, ko da yake rigar kariya da rage lodi sun fi wannan gaggawa.

Kalmomin gaggawa na sama da na ruwa ɗaya ne. “Mede” sau uku tana nufin rai ko jirgi yana cikin haɗari ana buƙatar agaji nan take, “Pan-Pan” sau uku tana nufin akwai matsala mai gaggawa da ba ta kai can ba, masu ruwa kuma suna da ta uku, “sekurite”, ta sanar da guguwa ko wani abu da ya tare hanya. Tashar gaggawa ta sama megahaz 121.5 ce, ta ruwa kuma tasha ta 16. Malam ya kawo jirgin Avianca da ya faɗi kusa da New York ranar 25 ga Janairu 1990 bayan mansa ya ƙare, mutum 73 suka mutu: ma'aikatansa sun ce mansu yana ƙarewa, sun nemi a ba su fifiko, amma ba su furta kalmar da za ta sa a share musu hanya ba. Rabon direba idan ya ji Mede ɗan kaɗan ne, ya yi shiru, ya kauce daga hanya, ya jira a kira shi.

Sai aka fitar da mu fili a motar mai horarwa, da taswira a cinya. Zanen titin tashi fari ne, na hanyoyin da ke kai wa gare shi rawaya, fitilun gefen waɗannan hanyoyi shuɗi ne. Allo mai jan fage da farin rubutu umarni ne na tsayawa, mai baƙin fage da rubutu rawaya yana gaya maka inda kake, mai rawayan fage da baƙin rubutu yana nuna maka inda za ka. Kafin titi akwai layuka huɗu rawaya a kwance, biyu cikakku biyu tsinke-tsinke, kuma wanda ya zo ta ɓangaren cikakkun ba ya taka su sai da umarni. Idan rediyo ya mutu, hasumiya tana da fitilar hannu: ja tsayayya tana nufin tsaya, ja mai ƙiftawa tana nufin fita daga titi ko hanyar ka kula da jirgi, koriya mai ƙiftawa izinin tsallakawa ce, fara mai ƙiftawa kuma tana nufin bar harabar gaba ɗaya. Ga mai jan jirgi akwai ƙarin magana da matuƙi ta waya ko da hannu, buɗaɗɗen tafi da aka dunƙule yana nufin an ɗaure birki, dunƙulallen hannu da aka buɗe yana nufin an sake shi, kuma ba a tura jirgi ko taku ɗaya sai an tabbatar da wannan.

Lokacin hunturu ne, hazo ya sauka, kuma na ji daɗin hakan domin shi ya nuna mana amfanin abin da muka koya. Idan ƙura ta rage nisan gani, jami'in hasumiya ba ya ganin motarka, abin da ka faɗa masa shi ne kaɗai abin da ya sani game da inda kake. Saboda haka ba a cewa an fita daga titi sai mota da duk abin da take ja sun wuce layukan nan huɗu. Kan motar yana iya kasancewa a waje alhali wutsiyar jirgin da kake ja tana ciki, kuma da kalmarka za a ba wani izinin sauka. Mai horarwar ya tuna mana abin da ya faru a Lima ta ƙasar Peru a watan Nuwamba 2022, inda jirgin da yake gudun tashi ya bugi motar kashe gobara da ta shiga titi lokacin atisaye, ma'aikatan cikinta suka rasa rayukansu. 'Yan kwana-kwanan da ke cikinmu sun san labarin tun kafin ya ƙarasa.

Jarrabawa kashi uku ce, ta rubutu, ta baka, da ta tuƙi. Ta rubutun tambayoyi ne a kan alamu da taswira. A ta baka mai jarrabawa yana zama a matsayin hasumiya a wani ɗaki, kai kana wani da rediyo a hannu, kuma tarkunansa ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya saurari darasi: ya ba da umarni ga mota mai suna kusa da naka ya ga ko za ka amsa, ya tura ka wurin da ba a isa sai an tsallaka titi ba tare da ya ambaci tsallakawa ba, ya yi magana da sauri har wata lamba ta ɓace ya ga ko za ka ce a maimaita ko za ka cike gurbin da zato. Ni ya ce mini in tsallaka, ya kuma sanar da ni cewa jerin jajayen fitilun da ake shimfiɗawa a bakin titi a filayen da suke da su har yanzu a kunne suke. Amsar da ake nema ita ce mutum ya tsaya ya sanar cewa fitilun suna kunne, domin ba a taka su ko da baki ya ba da izini sai an kashe su ko an bi tsarin da aka tanada. Wani abokin aikinmu ya tambayi Malam me ya sa ba za a bar direba ya yi Hausa ba idan jami'in hasumiya Bahaushe ne. Malam, wanda yawancin bayaninsa a aji da Hausa yake yi, ya ce maganar ba ta mutum biyu ba ce, matuƙin da ya taso daga Addis Ababa ko Istanbul ma yana saurare don ya san abin da yake kan titin da zai sauka, kuma saboda irin wannan ne ICAO ta wajabta wa matuƙa da jami'an hasumiya kai wa mataki na 4 a gwajin Turancin aiki tun daga 2008.

Darasin ƙarshe kafin a miƙa mana katin shi ne na rahoto, domin abin da ya faru ma yana da sunayensa. A ƙa'idar ICAO “haɗari” shi ne inda aka yi rasuwa ko mummunan rauni ko jirgi ya lalace sosai ko ya ɓace, ƙasa da shi akwai babban lamari wanda kaɗan ya rage ya zama haɗari, sai ƙaramin lamari da ya shafi tsaron aiki ko zai iya shafarsa. Kasancewar jirgi ko mota ko mutum a kan titi ba bisa ƙa'ida ba sunansa kutse, kuma ana rubuta shi ko da babu jirgi a kusa. A Najeriya binciken manyan lamura yana hannun hukumar NSIB, wadda dokar 2022 ta ba ta hurumin sama da layin dogo da ruwa baki ɗaya, kuma manufar irin wannan bincike hana maimaituwa ce ba ɗora laifi ba, shi ya sa ake son direba ya kai rahoton kansa da kansa kafin a tambaye shi. Katin da aka ba ni yana da wa'adi, ana sabunta shi da sabon gwaji, ana kuma iya janye shi nan take idan aka sami mutum da kutse. A watannin farko ba a bar ni na ja jirgi ni kaɗai ba, akwai tsohon hannu a gefena yana sauraron duk abin da na maimaita wa hasumiya, sai da ya sa hannu a takardata sannan aka saka sunana a jadawalin dare.